Kayan hawan dutse sun cinye mini albashi: ta yaya zan kame hannuna?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A unguwar Nima ta Accra, a Ghana, nake zaune, na shiga ƙungiyar masu tattaki da hawan tsauni. Ranar Asabar mukan hau Peduase, wani lokaci mu yi nisa. Tun da na shiga hannuna bai huta ba: takalman but biyu, jakunkunan goyo uku, rigar ruwa mai tsada, ga tanti da jakar barci da ban taɓa kwana a cikinsu ba. Duk da haka da na ɗauki waya na ga wani sabon abu sai raina ya biya, albashi kuwa ba ya kai ni ƙarshen wata. Yaya zan yi in daina?

Amsa: Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina raka mutane daji da tsaunuka a ƙasar nan, kafin nan kuma na zauna a rumfar takalma da jakunkunan gwanjo, saboda haka ciwon nan naka na san shi ta gefen mai saye da ta gefen mai sayarwa. Kafin mu kai ga maganar zuciya, akwai aikin da zan sa ka. Ɗauko but ɗin da ka fi daɗewa ba ka sa ba, ka lanƙwasa shi, ka danna farcen babban yatsanka a soson da ke tsakanin fatar takalmin da robar da ke taka ƙasa. Sannan ka zazzage tantin daga jakarsa, ka shinshina, ka shafa cikinsa da tafin hannu. In soson ya tsage ko yana zubar da gari, in tantin yana danƙo yana tsami, to kuɗinka sun riga sun fara ruɓewa a ƙarƙashin gado.

Abin da ke jawo haka wani sinadari ne da ake kira foliyuritan. Da shi ake yin soson tsakiyar yawancin but ɗin fata na hawan dutse, shi kuma ake shafa wa cikin tanti da jakar goyo da rigunan ruwa da yawa don kada ruwa ya ratsa. Danshi ne ajalinsa, zafi kuma ke ƙara masa gudu. Ruwan da ke cikin iska yana shiga ya tsinka sinadarin sannu a hankali, har ya dagargaje ko ya narke. A Accra danshin iska yakan haura kashi 80 cikin 100, zafi kuwa tsakanin digiri 24 da 32 yake yawo kusan duk shekara. Ɗakunanmu na Zango ka san su: taga ɗaya, rufin kwano, kaya a jibge a lungu. Takalmin da zai yi shekaru a kabad ɗin Bajamushe lafiya lau, a nan ba zai kai ko kusa ba. Kuma wanda ake sawa ya fi na ajiya daɗewa, domin taku yana matse danshin daga cikin soso. Masu ƙera takalman da bakinsu suke faɗin haka. Shekarunsa daga ranar da ya bar masana'anta ake ƙirga su, ranar da ka biya kuɗi ba ta cikin lissafi. Na sha ganin mutum ya taho da but fes, ko ƙura bai taɓa sha ba, kafin a kai rabin tsauni tafinsa ya ɓalle, a ƙarasa tafiya da igiya a ɗaure a ƙafa.

Na fara da wannan ne don na san hujjar da kake kawo wa kanka. Duk wanda ya ga 2022 a ƙasar nan, shekarar da kuɗinmu sidi ya zube har hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, ya koyi cewa abin da za ka saya gobe gara ka saye shi yau. A kan rodi da kwanon rufi, gaskiya ne. But da tanti da rigar ruwa kuwa ba sa jiran mai su. Sidin ma ai ya farfaɗo a 2025.

Sai rigar ruwan da ka ce mai tsada ce. Ina kyautata zaton mai tambarin Gore-Tex ce ko 'yar'uwarta. Fasahar gaskiya ce. A 1969 wani Ba'amurke, Bob Gore, ya gano cewa in aka fizgi wata irin roba mai zafi da ƙarfi takan buɗe ta yi ƙananan ƙofofi, waɗanda ɗigon ruwa ba ya iya ratsawa amma tururin gumi yana fita ta cikinsu. Sai dai akwai sharaɗin da mai talla ba ya faɗa: tururin ba ya fita da kyau sai iskar waje ta fi ta cikin rigar sanyi da bushewa. A tsaunukan Turai, inda waje digiri 5 ne jikinka kuma yana ɗumi, abin yana aiki. A hanyar Wli, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, cikin watan Yuni, ga zafi, ga iska jiƙe sharkaf, ina tururin zai je? Ruwan sama bai taɓa ka ba, gumi ya yi maka wanka. Lema mai ninkewa ta fi maka, ko rigar ruwa mai faɗi marar hannu wadda iska ke shiga ta ƙasanta. Abin da ya wajaba ka kare daga ruwa shi ne waya da kuɗi da kayan canji, wannan kuwa babbar leda baƙa a cikin jaka, a murɗe bakinta, ta gama aikin. Jakar da aka ce ba ta shan ruwa ma ta ɗinki da zif take sha.

Jakar barcin kuma, duba jikinta, za ka ga lambar digiri. Da yawa daga waɗanda ke shigowa nan an yi su ne don daren da ruwa ke daskarewa. A ina za ka samu wannan dare a Ghana? Ko a Amedzofe ko Abetifi da ke kan tudu, ko a gandun dajin Mole tsakiyar hunturu cikin Janairu, rigar sanyi ɗaya da bargo marar nauyi sun ishe ka. Sauro ne ke hana barci a dajinmu, maganinsa gidan sauro, wanda sau da yawa kyauta ake raba shi a wurin awo da makarantu. In kuwa jakar mai gashin agwagwa ce, da ta sha danshi sai ta cure ta yi fumfuna.

Yanzu dubi wuraren da muke zuwa da idon basira. Daga Ayi Mensah zuwa Peduase kwalta ce. Dutsen Afadjato, wanda littattafan makaranta ke ba wa tsawon mita 885, mai ɗan ƙarfi yana hawansa cikin awa guda daga Liati Wote. Yana da tsaye, yana sa haki, amma samarin garin da ke raka baƙi da silifas za ka gan su. Ban ce ka kwaikwaye su ba, ƙafarsu ta saba. Hanyar Wli ta ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce mai 'yan gadoji; ta sama ce mai wuya, ita ma a yini ake gama ta. Gadar sama da ke tsakanin bishiyoyin dajin Kakum kimanin mita 350 ce, a kan katako kake takawa. Shai Hills, Boti, gangaren tafkin Bosomtwe ga mutanen Kumasi, duk tafiyar yini ce: a fita da asuba, a dawo a kwana kan katifa. Jaka mai lita 20 ta ɗauke duk abin da ake bukata. Mai lita 65, mai ƙarfe a baya da ɗamara a ƙugu, an yi ta ne don wanda zai yi mako a daji ɗauke da abincinsa da makwancinsa. Babbar jaka kuma ba ta yarda ta tafi wayam, sai ta sa ka neman abin cika ta. Haka but mai nauyi: binciken da aka yi a kan sojoji ya nuna nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfi kusan ninki biyar na wanda aka goya a baya. Ga zafi, ga bororo, ga kwance igiya duk lokacin alwala.

Mu 'yan Zango ma bai kamata a ruɗe mu da kayan tafiya ba. Da yawa daga kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan. Ayarin fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya ratsa Borgu, ya yi watanni kafin ya sauka Salaga, a sayar da kanwa da tufafi da fatu, a ɗauki goron Asante a juya. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne 'yan kasuwar suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Accra. Kayansu takalmin fade ne da malafa da sanda da gorar ruwa da buzu. Ba tafiyar daɗi ba ce, an mutu a hanya, an sha fama da 'yan fashi, wasu kayan ma bayi ne suka ɗauka. Amma abin da ke kai ayari shi ne madugu ya san inda rijiya take, ya san zango, ya san lokacin tashi. Ko a Amurka, inda kasuwar kayan nan ta fi ƙarfi, a 1955 wata tsohuwa mai shekara 67, Emma Gatewood, ta taka hanyar tsaunukan Appalachia, sama da kilomita 3,000, ita kaɗai, da takalmin kambas, da bargon soja, da labulen banɗaki na leda a madadin tanti, da jakar da ta ɗinka da hannunta. Takalma da dama ta kashe a hanya, amma ta kai.

To me ya sa rai ke biyawa duk da ka san wannan? Domin ba takalmin kaɗai ne a cikin hoton tallar ba. Akwai mutum tsaye a kan tsauni, babu hayaniyar Nima, babu maigidan da ke jiran sa ranar Litinin, babu mai gida da zancen kuɗin haya. Wannan hutun ranka ke so, sayen takalmi kuwa ya fi neman hutun sauƙi: minti biyu a waya, MoMo, wato walat ɗin kuɗi na waya, ta yi ƙara, ka ji kamar ka yi wani abu. Daɗin yakan ƙare tun kafin a jefar da kwalin. Lura da kanka ka gani. Yawancin sayayyar nan a makonnin da ba ka fita ba kake yin ta, da dare, a gajiye. Wanda ya sauko daga Afadjato jiya, cinyoyi na ciwo, ba ya neman jaka a intanet, barci yake nema.

Wayarka kuwa dillali ne irin na bakin Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra, wanda ya ga idonka ya daɗe a kan wani kaya. Sai dai wannan har kan gado yake bin ka. Duk bidiyon da ka tsaya ka kalla har ƙarshe an rubuta, gobe a kawo maka goma irinsa. Masu bidiyon gwada kaya da yawa kyauta ake ba su kayan, ko suna da la'ada a kan duk wanda ya saya ta hannunsu, kuma ba za su iya fitowa kowane mako su ce na bara yana nan da ƙarfinsa ba, me za a kalla? Agogon da ke ƙirga cewa rangwame zai ƙare nan da awa biyu, koma bayan kwana uku, sau da yawa za ka tarar yana nan yana ƙirgawa. A 2011 kamfanin Patagonia ya sayi shafi guda a jaridar New York Times a ranar rangwamen da ake kira Black Friday, ya sa hoton rigarsa, ya ce kada a saye ta sai in da bukata. Shekarar da ta biyo baya cinikinsu ƙaruwa ya yi. Kasuwar da ko "kada ka saya" ke ƙara mata ciniki, ba da ƙarfin zuciya kaɗai ake kokawa da ita ba.

Akwai kuma wanda ba a son faɗa, hoto. Kaya da yawa da ake sawa ranar Asabar a hanyar Peduase don sitatus ɗin WhatsApp ne. Ni ban ga laifi ba. Mu mutane ne masu son ado, wanda ya ga Nima ranar Sallah ya sani. Amma ka kira shi ado, ka fitar da kuɗinsa daga inda kake fitar da na shadda da hula. Da zarar ka raɗa masa suna bukata, ka buɗe masa ƙofar kuɗin cefane da na haya.

Ga ƙa'idar da nake ba duk wanda ya shigo hannuna: kada ka sayi komai sai hanya ta tambaye ka shi sau uku. Ka riƙe ɗan littafi. Duk ranar da kuka dawo, kafin ka kwanta, rubuta abin da ya dame ka a tafiyar, da abin da ka ɗauka ba ka taɓa ba. In matsala ɗaya ta fito a tafiye-tafiye uku daban-daban, sai ka tambayi kanka ko ana gyarawa, ko ana arowa, ko akwai abin da zai yi aikin a gida. In duk babu, je ka saya, ka sayi mai kyau, kada ma ka ji komai. Abin da za ka tarar shi ne mafi yawan ƙorafin ba kanti ke maganinsa ba. Ruwa ya ƙare. Mun makara, rana ta same mu a tsakiyar hawa. Ban karya ba na fito. Gwiwa ta yi ciwo a gangara don ban saba ba. Wancan ɗaya jerin kuwa, na abin da ba ka taɓa ba, shi zai riƙa rage maka jaka har ka ga ƙaramar cikin ukun nan ma ta yi maka yawa. Wannan littafin ya fi duk wata dabara, domin da shi kake sanin kayanka da ƙafarka, wanda ya san nasa kuwa talla ba ta cika kama shi ba.

Sauran dabarun ƙanana ne, amma suna aiki. Abin da ranka ya biya, rubuta sunansa da farashinsa da kwanan wata, ka ba shi kwana 30; kaɗan ne ke tsira. Daina bin shafukan masu talla da masu gwada kaya, ka bar na masu nuna hanyoyi da wurare. Kada albashi ya kwana a walat ɗin waya. Bashin waya kuwa, wanda ake ba ka cikin daƙiƙa da ruwa a kai, ko da wasa kada ka ci shi don kayan nishaɗi. Sannan ka koyi raba farashi da yawan sawa. A ce but ɗin sidi 1,500 ne ka sa shi sau uku, kowace fita sidi 500 ta ci kenan kafin kuɗin mota. Kambas na sidi 400 da ka sa sau 40, sidi 10 ne. Ka kuma riƙa juya farashi zuwa tafiya: kuɗin rigar nan zai kai ni Hohoe, garin da ke kusa da Wli, ya dawo da ni, da kwana, da kuɗin shiga, da na ɗan rakiya? In amsar e ce, ka san abin da kake musanyawa. Ƙungiyarku ta kafa adashin tafiya, a zuba ranar albashi, a sa rana a kalanda. Wanda ke da tafiyar Mole a gabansa ya biya rabi, hannunsa ba ya ƙaiƙayi kamar na wanda ba shi da komai a gaba.

Za ka ce to bari in koma gwanjo, ai ya fi sauƙi. Ya fi, kuma can nake tura mutane in bukatar ta tabbata. Amma can ma tarko ne, wataƙila ya fi na kanti, domin araha tana kashe tunani. Ka je neman safa ka dawo da rigar ƙanƙara, don kawai ka ga sunan babban kamfani a kwatan kuɗinta. Ƙungiyar The Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa Kantamanto a kowane mako, kusan kashi 40 cikin 100 kuma a shara suke ƙarewa. 'Yan kasuwa da yawa suna musun wannan adadi, amma wanda ya je bakin tafkin Korle ko gaɓar tekun Jamestown ya ga tsummokara da idonsa. Gobarar 2 ga Janairun 2025 ta cinye babban ɓangaren kasuwar, aka sake ginawa, diloli suka ci gaba da sauka. Ka tsaya ka yi tunanin daga ina jakunkuna da rigunan tsauni masu sheƙi suke fitowa a cikin dilar. Da yawansu wani ne a Landan ko Toronto ya kamu da irin ciwonka, ya saya, ya ajiye, ya gaji ya ba da. Don haka kada sheƙin ya ruɗe ka, mai yiwuwa ya daɗe a ajiye. Ɗaga harshen takalmi, sau da yawa akwai kwanan watan ƙira a jikin lambar. Lanƙwasa tafin da ƙarfi a gaban mai kaya. Juya rigar ruwa ka duba faifan da aka manna a kan ɗinki. In yana ɗagowa, ko cikinta yana zubar da farin ɓawo, ta gama aiki. Ja kowane zif har ƙarshe. Ka tafi da sunan abu ɗaya a rubuce da kuɗinsa kawai a aljihu, sauran ka bar su gida.

Ba ina cewa a tafi daji hannu rabbana ba. Akwai inda rowa ke zama ganganci. Takalmi ɗaya da ya dace da ƙafarka, mai tafi mai kama ƙasa, ya cancanci kuɗi. Gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka sa, ka bar faɗin babban yatsa a gaba, in ba haka ba gangara za ta baƙanta maka farce. Safa kada ta zama ta auduga zalla, tana riƙe gumi ta jawo bororo; safar ƙwallo ta yi. Rigar ma haka: jesin ƙwallo na Kotoko ko Hearts da ke cikin akwatinka foliyesta ce, asalin zare ɗaya da na rigar da ake sayar maka da sunan mai busar da gumi. Turawa na tsoron auduga ne don jiƙaƙƙiyar riga a cikin sanyi tana iya kashe mutum. A busasshen zafin Arewa kuwa ita ke sanyaya jiki. Hula mai baki, tocilar goshi, usur, filasta, man kaɗe don inda cinya ke gogayya, da ƙunshin gishiri da sukari na kemis. Ruwa kuwa a zafinmu ka lissafa aƙalla rabin lita a kowace awa ta tafiya, in hawa ne fiye da haka. In Mole za ku, dogon wando da rufaffen takalmi dole ne, ma'aikacin gandun da ke rakiya da bindiga ba zai yarda da silifas ba, ciyawar Arewa kuma akwai kububuwa da kasa. Ka guji baƙi da shuɗi, su ƙudan tsando ke bi. 'Yan'uwa mata da ke cikinku, tela a Nima ko Mamobi zai ɗinka musu wando mai faɗi da doguwar riga da hijabi na yadi marar nauyi, ya fi abin da za su samu a kanti rufe jiki da shan iska. Haɗa duka ka gani, bai kai kuɗin rigar ruwanka ba.

Abin da ake bukata sau ɗaya ko biyu a shekara, a aro ko a yi haya. Na san ana cewa kayan aro ba ya rufe katara, amma tanti ba zane ba ne. Mutum 20 a ƙungiya, kowa da tantinsa yana ruɓewa a ɗaki, alhali uku sun ishi kowa in ana juya su, kuma juyawar ce ke sa a riƙa shanya su. A Wli da Mole da bakin Bosomtwe akwai masauki. In ma wata rana Allah ya hore maka za ka Kilimanjaro, mai mita 5,895, inda sanyi na gaske yake, a Moshi da Arusha ana hayar rigunan sanyi da jakar barci da sanduna. But kaɗai za ka saya, watanni kaɗan kafin tafiya, ka taka shi sosai ya saba da ƙafarka.

Kayan da ka riga ka tara kuwa, kada ka zauna kana cizon yatsa. Zaɓi but ɗin da ya fi yi wa ƙafarka daɗi, ka riƙa sa shi ko da zuwa kasuwa ne, ka ajiye shi inda iska ke kaɗawa, nesa da ƙasa, ba a cikin leda ba. In sosonsa ya riga ya dagargaje fatar kuma lafiya take, mai gyaran takalmi zai kankare ya sa sabon tafi. Rigar ruwan, in ta daina zamar da ruwa a waje, wanke ta ka goge ta da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi da ƙyalle a tsakani, takan farfaɗo. Ajiye ta don babur da damina. Tantin ka kafa shi a tsakar gida ya bushe ƙarau, ba cikin rana mai ƙuna ba, ka miƙa shi ga ƙungiya a riƙa biyan ka ɗan wani abu duk fita. Jaka ɗaya ta ishe ka. Sauran biyun da ɗaya but ɗin da jakar barcin, sayar da su tun suna da daraja, kowace damina rage musu kuɗi take yi. Kasuwarsu ta fi tashi gab da Ista lokacin da ake tururuwa zuwa tsaunukan Kwahu don biki, da kuma cikin Disamba; jakar barcin ka nemi ɗalibi mai shirin tafiya ƙasar sanyi. Kuɗin da ka samu ka kai wa mai riƙe da adashin tafiya a ranar, kada su kwana a wayarka.